Amiloyid a Ƙwaƙwalwa da Tanadin Basira: Tambayoyi da Amsoshi Kan Tsufa da Mantuwa

Akwai tsohon da ya haura shekara 90, yana ba da labarin jiya da na shekara hamsin baya ba tare da ya cakuɗa su ba, amma da za a duba ƙwaƙwalwarsa sai a tarar cike take da alamomin cutar Alzheimer, wadda ke kawo ciwon mantuwa. Akwai kuma wanda bai kai 75 ba, alamomin da suka taru a ƙwaƙwalwarsa ba su kai na wancan ba, amma ya kasa gane ƙofar ɗakinsa. Wannan saɓani ya daɗe yana ɗaure wa likitoci kai, kuma a kansa tambayoyin nan suka ginu.

Mene ne amiloyid, daga ina yake zuwa?

Ɗan guntun furotin ne da jiki yake yi da kansa. Ba a ɗaukarsa daga wani, ba kuma ƙwayar cuta ce da ta shigo daga waje ba. A bangon ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa akwai wani dogon furotin da ake kira APP, wasu sinadarai suna yanyanka shi, ɗaya daga cikin gutsattsarin shi ne amiloyid. Kowa yana samar da shi kullum, yaro da babba, ƙwaƙwalwa kuma tana kwashe shi tana zubarwa. Idan kwashewar ta gaza samarwar, sai gutsattsarin su riƙa manne wa juna, musamman nau'in nan mai ɗiyan sarƙa 42 wanda ya fi mai 40 danƙo. A hankali sai su zama gudaji a tsakanin ƙwayoyin jijiya.

Likita Alois Alzheimer na ƙasar Jamus ne ya bayyana waɗannan gudaji a 1906, bayan ya duba ƙwaƙwalwar wata majinyaciya mai suna Auguste Deter wadda aka kwantar a Frankfurt tana da shekara 51. Sai a 1984 George Glenner da Caine Wong suka gano ainihin furotin da gudajin suka ƙunsa. Ba da jimawa ba aka gano cewa umarnin yin APP yana kan zaren gado na 21, ɗaya daga cikin zaruruwan da ke ɗauke da abin da mutum ya gada daga iyaye. Shi ya sa masu larurar Down, waɗanda ke da wannan zaren guda uku maimakon biyu, suke tara amiloyid da wuri, kusan dukkansu kafin su cika 40.

Ana kuma maganar tawu. Shi ma amiloyid ne?

A'a, wani furotin ne daban, kuma a cikin ƙwayar jijiya yake zaune. Aikinsa riƙe ƴan siraran hanyoyin da ƙwayar ke safarar kayanta a kansu. Idan ya lalace sai ya cukurkuɗe kamar zare, ƙwayar ta shaƙe ta mutu. Heiko da Eva Braak sun nuna a 1991 cewa tawu yana bin hanya sananniya: ya faro daga sashen da ke rubuta sabon tunani, sannan ya bazu. Yawan tawu da wurin da ya kai sun fi amiloyid nuna yadda mantuwar mutum za ta yi tsanani. Masana da yawa suna kallon amiloyid a matsayin wanda ya kunna ashana, tawu kuma wutar da ke cin gidan.

Duk wanda amiloyid ya taru a kansa zai kamu da ciwon mantuwa ke nan?

Ba haka abin yake ba, kuma a ganina wannan ce amsar da ta fi cancanta kowa ya riƙe. A 2015 an tattara bayanan dubban mutane daga bincike daban-daban aka wallafa a mujallar JAMA. A cikin masu lafiyayyen tunani, kusan kashi 10 cikin 100 na ƴan shekara 50 suna da tarin amiloyid, adadin kuma ya hau zuwa kashi 44 cikin 100 a wajen ƴan shekara 90. Wato kusan rabin tsofaffin tukuf da hankalinsu ke garau suna yawo da shi.

A 2018 Ron Brookmeyer na jami'ar UCLA ya yi lissafin haɗarin tsawon rayuwa. Namiji mai shekara 70 da ke da amiloyid kaɗai, ba mantuwa, ba alamar ƙwayoyin jijiya sun fara mutuwa, yiwuwar ya kamu da ciwon mantuwa na Alzheimer kafin ƙarshen ransa kusan ɗaya cikin biyar ce. Haɗarin ya fi na wanda ba shi da shi, babu musu, amma huɗu cikin biyar za su cika kwanansu ciwon bai bayyana ba.

Tun yaushe yake fara taruwa?

Tun da nisa. Binciken DIAN, wanda ke bin iyalan da suka gaji cutar kai tsaye, ya ba da rahoto a 2012 cewa ana ganin gudajin a hoto kusan shekara 15 kafin alamu su fito, sauyi a ruwan laka kuma yakan fara tun kusan shekara 25 kafin nan. Ganin amiloyid a kan mai rai ya samu ne daga 2004, lokacin da William Klunk da Chester Mathis na jami'ar Pittsburgh suka fito da wani sinadari da ke manne masa ya haska a hoton PET, wani hoton cikin jiki da na'ura ke ɗauka a asibiti. Kafin wannan sai bayan mutuwa ake tabbatarwa.

Yana rage kaifin tunani tun kafin ciwo ya bayyana?

Yana ragewa, amma kaɗan ƙwarai, har mutum da iyalinsa ba sa lura. Idan aka gwada rukunin masu amiloyid da rukunin marasa shi a rana guda, bambancin ɗan ƙanƙani ne, kuma ya fi fitowa wajen tuna sabon abu, kamar jerin kalmomin da aka karanta wa mutum minti ashirin da suka wuce. Sai an bi su shekara da shekaru ake ganin hanyoyinsu sun rabu, masu amiloyid suna gangarowa da sauri fiye da sauran. Ko a cikinsu ma gangarowar ba ɗaya ba ce. Wasu sukan yi shekaru ba su gusa daga inda suke ba.

To mene ne tanadin basira?

Shi ne sunan da aka ba wannan tazara da ke tsakanin ɓarnar da ke cikin ƙwaƙwalwa da abin da mai ita yake iya yi.

A 1988 Robert Katzman da abokan aikinsa sun duba ƙwaƙwalen tsofaffi 137 da suka rasu a wani gidan kula da tsofaffi a Amurka. Sun tarar da wasu goma da tunaninsu ya kasance cikin mafi kyau har ƙarshe, alhali gudaji sun cika musu kai. Ƙwaƙwalensu sun fi na sauran nauyi, manyan ƙwayoyin jijiya kuma sun fi yawa. Wannan shi ne tanadi na farko, na yawan kaya: wanda ya faro da yawa zai daɗe yana asara kafin ya ji a jikinsa.

Yaakov Stern na jami'ar Columbia ya ƙara wani tunani a kai. A 1994 ya nuna cewa a cikin tsofaffin birnin New York, masu ƙarancin karatu da masu aikin da ba ya buƙatar tunani mai yawa sun fi kamuwa da ciwon. A wurinsa, bayan yawan kaya akwai iya amfani da kayan. Ka ɗauki direba biyu da suka tarar gada ta karye. Ɗaya hanya guda ya sani, sai ya kashe mota ya zauna. Ɗayan ya san lungu da saƙo, sai ya kewaya ya isa, ko da ya ɗan makara. Ƙwaƙwalwar da ta saba warware abu ta hanyoyi da yawa takan nemo wata hanyar idan ta farko ta toshe. Sunan mutum ya ɓace, sai ta bi ta garinsu, ko sana'arsa, ko harafin farko, har ta cafko shi.

Da hoton PET ya samu, an gwada wannan a kan masu rai. Masu bincike a jami'ar Washington da ke St. Louis a 2008, da na Harvard a 2010, sun ga abu iri ɗaya: a tsakanin masu amiloyid daidai wa daida, waɗanda suka fi karatu ko ƙwarewar harshe sun fi cin gwajin tunani.

Ana yawan ambaton binciken mata masu zaman zuhudu. Me ya gano?

Wannan bincike ya cancanci a tsaya a kansa. David Snowdon ya fara shi a 1986, daga baya ya ƙunshi mata 678 na wata ƙungiyar zuhudu ta Katolika a Amurka, dukkansu daga shekara 75 zuwa sama. Sun amince a riƙa gwada su a kai a kai, sun kuma ba da ƙwaƙwalensu a duba bayan rasuwarsu. Darajar binciken ita ce rayuwarsu kusan iri ɗaya ce: wurin kwana, cima, kula da lafiya, ba aure, ba taba. Abubuwa da yawa da ke rikita lissafi sun kau.

A cikinsu akwai wadda rahoton ya kira Sista Mary, malamar makaranta ce mafi yawan rayuwarta. Ta rasu tana da shekara 101, makinta a gwajin tunani yana sama har dab da rasuwarta, amma da aka duba sai ga gudaji da cukurkuɗaɗɗen tawu jingim.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne takardun da aka tono a ma'ajiyar ƙungiyar. Kowacce ta rubuta ɗan tarihin rayuwarta lokacin shigarta, tana da shekara 22 ko kusa da haka. Da aka auna yawan ma'anonin da kowacce ke cusawa a cikin jimlolinta, sai aka ga waɗanda rubutunsu ya fi ƙarancin ma'ana su ne suka fi raunin tunani da cutar Alzheimer bayan kusan shekara 58. Rubutun budurwa ya hango tsufanta. Wannan na iya nufin ƙwarewar harshe tana karewa, yana iya kuma nufin ƙwaƙwalwar da za ta jure tun farko daban take. Masana sun yi ta ja-in-ja a kan wannan, kuma da alama kowane ɓangare yana da rabon gaskiya.

Me ke gina wannan tanadi? Wanda bai yi karatu mai zurfi ba ya rasa ke nan?

Shekarun makaranta ne aka fi aunawa saboda suna da sauƙin ƙirgawa, amma ba su kaɗai ba ne. Akwai sana'ar da ke tilasta wa mutum lissafi, yanke shawara da mu'amala da jama'a. Akwai karatu da rubutu na yau da kullum, koyon sabon abu, da zama cikin mutane ana musayar magana. Hira kanta aiki ce babba ga ƙwaƙwalwa: sauraro, tunawa, fahimtar abin da ba a faɗa ba, shirya amsa.

Harshe ma yana ciki. Ellen Bialystok ta ba da rahoto daga Toronto a 2007 cewa masu harshe biyu sun fara nuna alamun ciwon kusan shekara 4 bayan masu harshe ɗaya. An soki binciken da cewa yawancinsu baƙi ne da suka yi ƙaura, wataƙila wani abu daban ne ya bambanta su. Sai ga binciken Suvarna Alladi a Hyderabad ta Indiya a 2013, kan majinyata 648 a inda jin harsuna da yawa abu ne na gado. Tazarar ta kai shekara 4 da rabi, kuma ta bayyana har a wajen waɗanda ba su iya karatu da rubutu ba sam. Wasu binciken da suka bi mutane tun suna lafiya ba su ga wannan tasiri da ƙarfi haka ba, don haka a riƙe shi da sassauci. Duk da haka ya isa ya nuna cewa takardar shaida ba ita ce tanadin ba, abin da ƙwaƙwalwa ta saba yi ne.

Ƙwaƙwalwar baligi ma tana sauyawa da aiki. A 2000 Eleanor Maguire ta nuna cewa direbobin tasi na Landan, waɗanda ke haddace dubban tituna kafin a ba su lasisi, ɓangaren baya na sashen ƙwaƙwalwarsu mai tuna wurare ya fi na sauran mutane girma, kuma gwargwadon daɗewa a aikin gwargwadon girman.

Tanadin yana hana amiloyid taruwa ne?

Mafi yawan shaidu sun nuna ba ya hanawa. Gudajin suna ci gaba da taruwa, tanadin yana jinkirta ranar da za a ji tasirinsu ne. Kuma akwai wani ɓangare mai ɗaci da ya kamata iyalai su sani. Stern ya lura cewa masu tanadi mai yawa, idan ciwon ya bayyana a ƙarshe, sukan gangaro da sauri fiye da sauran. Dalili a fili yake: kafin alamu su fito ɓarnar ta riga ta yi nisa, hanyoyin kewayawa sun ƙare kusan lokaci guda. Iyali sukan ce abin ya zo musu ba zato, alhali ya shekara goma yana tafe a ɓoye. Ko da haka riba ce babba. Mutum ya samu ƙarin shekaru cikin hayyacinsa, shekarun jinya kuma sun taƙaita, wani ma ajali zai riske shi ciwon bai iso ba.

Ina matsayin gado?

Gado kai tsaye, inda ɗa ke da rabin yiwuwar ɗauka daga mahaifi ko mahaifiya mai cutar, bai kai kashi 1 cikin 100 na masu cutar ba, kuma yakan bayyana da wuri, sau da yawa kafin shekara 60. Wanda ya fi yawa shi ne nau'in gado da ake kira APOE4, wanda aka danganta da cutar a 1993 a jami'ar Duke. Kwafi ɗaya yana ninka haɗari kusan sau uku, kwafi biyu kusan sau goma, kuma masu shi suna fara tara amiloyid da wuri.

A yankin Antioquia na ƙasar Kolombiya akwai wani babban dangi da likita Francisco Lopera ya shafe shekaru yana bi. Masu ɗauke da gadon cutar a cikinsu sukan fara rauni wajen shekara 44, ciwon ya kankama wajen 49. A 2019 aka ba da rahoton wata mata a dangin da ta kai shekaru saba'in da ɗoriya kafin ɗan rauni ya bayyana. Amiloyid ya cika mata kai fiye da kima, amma tawu bai bazu ba, saboda wani sauyin gado da ba a cika samu ba wanda take da kwafinsa biyu. Mutum guda ce, amma ta nuna cewa ana iya raba amiloyid da ɓarnar da ke biyo bayansa.

Da gaske rashin barci yana ƙara shi?

Akwai alaƙa. A 2013 ɗakin binciken Maiken Nedergaard a Rochester ya nuna a jikin ɓeraye cewa ƙwaƙwalwa ta fi wanke amiloyid lokacin barci. A 2018 wani ƙaramin gwaji kan mutum 20 ya ga ya ƙaru da kusan kashi 5 cikin 100 a wasu sassa bayan dare ɗaya ba barci. Kada wannan ya tayar da hankalin wanda ya kwana biyu bai runtsa ba. Wanda ya kamata ya ga likita shi ne mai minshari mai ƙarfi da numfashi ke ɗauke masa cikin barci, domin wannan yana da magani.

Me ya haɗa hawan jini da wannan magana?

Ƙwaƙwalwar tsoho ba kasafai take ɗauke da cuta guda ba. Binciken David Bennett a jami'ar Rush ta Chicago ya nuna yawancin waɗanda suka rasu da ciwon mantuwa suna da ɓarna iri biyu ko fiye a haɗe. A cikin matan zuhudun nan ma, waɗanda ke da alamomin Alzheimer tare da ƴan ƙananan tabon toshewar jini sun fi nuna ciwon nesa ba kusa ba. Kowane tabo yana cin wani yanki na tanadin. A gwajin SPRINT MIND da aka wallafa a 2019, sauke hawan jini sosai ya rage aukuwar raunin tunani na farko-farko da kashi 19 cikin 100.

Kwamitin mujallar Lancet ƙarƙashin Gill Livingston ya lissafa abubuwa 14 a 2024 da ya ce suna da hannu a kusan kashi 45 cikin 100 na ciwon mantuwa a duniya: ƙarancin karatu, raunin ji, raunin gani da ba a magance ba, hawan jini, ciwon suga, mugun kitse a jini, ƙiba, shan taba, yawan shan giya, rashin motsa jiki, ciwon damuwa, bugu a kai, kaɗaici da gurɓatacciyar iska. Raunin ji ne aka fi rainawa. Tsohon da ba ya ji sosai yakan janye daga hira, daga nan sai kaɗaici, ƙwaƙwalwa ta rasa abin taunawa.

Na haura 60. Lokaci ya ƙure mini?

An ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma gaskiya ne tanadin ƙuruciya ya fi kauri. Amma tafiyar nan doguwa ce. A gwajin FINGER na ƙasar Finland, wanda Miia Kivipelto ta jagoranta aka wallafa a 2015, an raba mutum 1,260 ƴan shekara 60 zuwa 77 gida biyu. Waɗanda aka haɗa wa motsa jiki, gyaran cima, atisayen tunani da lura da lafiyar zuciya na shekara biyu sun fi sauran ci gaba a gwaji. Bambancin matsakaici ne, amma na gaske ne.

Wasannin waya da ake tallatawa da sunan gyaran ƙwaƙwalwa kuwa, galibi a wasan kawai suke ƙwarar da mutum. Abin da na fi ba wa ƙarfi shi ne koyon abu sabo mai ɗan wuya, wanda ake yi tare da mutane, wanda kuma mutum yake so har zai ɗore a kai.

In je a gwada ni ko ina da amiloyid?

Hanyoyin gwaji uku ne: hoton PET, ruwan laka, da gwajin jini, wanda hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka ta amince da na farkonsa a watan Mayun 2025 don ƴan shekara 55 zuwa sama masu alamun rauni. Ga mai alamu, gwajin yana taimaka wa likita ya san inda matsalar take. Ga wanda lafiyarsa ƙalau, likitoci ba sa ba da shawarar yi a wajen bincike. Sakamakon ba zai gaya masa ko zai kamu ba, balle yaushe, kuma abin da za a ce ya yi shi ne abin da ya kamata ya yi ko bai gwada ba.

Magungunan da ke kwashe amiloyid fa?

Suna kwashewa ƙwarai, amma amfanin a jikin majinyaci bai kai girman kwashewar ba. Lecanemab, a gwajin mutum 1,795 na wata 18, ya rage saurin gangarowa da kashi 27 cikin 100, ya samu cikakkiyar amincewa a Amurka a 2023. Donanemab ya biyo baya a 2024. Galibi ta jijiya ake ba da su, ga masu ciwon a matakin farko kaɗai, kuma suna iya jawo kumburi ko ɗigar jini a ƙwaƙwalwa, musamman ga masu APOE4 kwafi biyu, don haka sai da ɗaukar hoto a kai a kai. Ba sa dawo da abin da ya tafi. A gwajin A4 kuma, inda aka ba masu amiloyid marasa alamu wani magani mai suna solanezumab, sakamakon 2023 ya nuna bai rage gangarowar tunani ba.

Yaya zan bambanta mantuwar tsufa da ta ciwo?

Manta inda aka ajiye makulli, ko suna ya maƙale a baki ya dawo bayan an jima, wannan na kowa ne. Abin dubawa shi ne maimaita tambaya ɗaya sau da yawa a zama guda, ɓata a hanyar da aka saba, kasa lissafin da a da ake yi ido rufe, ko sauyin hali da na kusa suka lura da shi. A je asibiti da wuri, domin ƙarancin sinadarin B12, matsalar maƙoƙo, ciwon damuwa da wasu magunguna duk suna kwaikwayon ciwon mantuwa, kuma ana warkar da su.

Mai tanadi mai yawa yana iya cin gajeren gwajin asibiti tsaf alhali ya san, iyalinsa ma sun san, ba haka yake a da ba. Don haka wanda ya raka shi ya gaya wa likita ko wane ne wannan mutum shekara biyar da suka wuce: wane aiki yake yi, me yake iya riƙewa a ka, me ya daina yi kwanan nan. Da wannan bayani likita zai auna shi da kansa na da, ya kuma san ko akwai buƙatar gwaji mai zurfi.